Gobe zan shiga ajin Malam Hamadu

Laraba da dare, Garwa

Tunda direktar makarantarmu ta naɗa ni shugabar malaman lissafi ban samu natsuwa ba. Yau ta miƙo mini takardar duba aiki, ta ce gobe in zauna a ajin Malam Hamadu in ba shi maki. Shi ne fa ya koya mini lissafi ina 'yar shekara sha biyu.

Na ce, "Madam, ya girmi babana." Ta ce a Yawunde, inda ta yi aiki, wanda aka ba muƙami shi ne gaba ko jiya ya fara. Ba da mugunta ta faɗa ba, haka ta san abin.

Bayan la'asar na same shi a gidansa a unguwar Rumde Ajiya. Na durƙusa na gaishe shi da Fillanci. Kafin in faɗi abin da ya kawo ni, ya riga ni magana.

"Na ji labari, Hajara. A wurinmu ba takarda ke sa a bi malami ba, sai an ga aikinsa. Ki zo. Amma kada ki zauna a baya kina rubutu. Ki karɓi alli ki yi rabin darasin, ni ma in duba ki."

Na ce to, Malam. Ban san ko yarda ya yi ko gwada ni zai yi ba, kuma ban san me zan faɗa wa direkta ba. Ina ta bitar darasin, har na yi kuskure sau biyu.