Famfon da Dogo Ya Ɓoye

Litinin, 3 ga Maris

Yau aka gama yi wa babbar motar fenti. Kore mai duhu, kalar da take da ita lokacin da na fara tuƙa ta ina ɗan shekara ashirin da biyu. Shekara uku ke nan da na jawo ta daga wajen 'yan gwangwan, babu taya, babu gilashi, kaji na ƙwai a kujerar direba. Tan biyar take ɗauka, a zamaninta har bakwai mun ɗora mata ba ta yi gardama ba.

Saura famfon mai kaɗai, wanda ke tura mai cikin injin. Dogo, bakaniken da muke tare shekara talatin, shi ya kai gyara. Ya ce har yanzu mai gyaran bai samo kayan cikinsa ba. Wata takwas ana abu ɗaya.

Asabar, 8 ga Maris

'Yata Auta ta zo da yaranta. Ko zama ba ta yi ba ta fara tambaya ko ina ɗiga maganin ido. Na kai ta ta ga motar, ta ce ta yi kyau, alhali waya take dannawa.

Laraba, 19 ga Maris



Na tsallaka titi garejin Dogo aron sufana, ba ya nan. Na buɗe kabad ɗinsa na ƙarfe, kamar yadda na saba. A can ƙasa, cikin tsohon buhu, sai ga famfona. Na san shi, ni na karce masa alama da ƙusa. An gyara shi tsaf, har da takardar mai gyaran ɗaure da waya. Sai da na kanga ta a idona na dama kafin na karanta. Watan Yuli na bara.

Ya shigo ya same ni da shi a hannu. Bai ko yi musu ba.

"Direba, zauna mu yi magana."

Ban zauna ba. Ya ce Auta da mamanta ne suka same shi, kwana biyu bayan likita ya ce ganin gefen idona ya tafi kuma ba zai dawo ba. Sun roƙe shi ya ja aikin har in gaji in haƙura. Na ce da shi, ashe ni yaro ne da za a ɓoye wa wuƙa.

"Ka tuna mai keken nan bara, da ka ari motata? Saura ƙiris ka take shi."

Na ce ta baya ya ɓullo.

"A gefenka yake tun daga kwana. Ina zaune kusa da kai."

Na ɗauki famfona na fita.

Alhamis, 20 ga Maris

Ban yi wa kowa magana ba. Maman yara ta ajiye abinci, ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce ta fi son in yi fushi da ita a gida da ta je duba ni a asibiti, ko in jawo a kai ɗan wani can. Na ci abincin, don yunwa ba ruwanta.

Ba ɓoyewar ce ta fi ci mini rai ba. Sau nawa Dogo ya ɗaga waya a gabana yana yi wa mai gyaran faɗa, har jijiyar wuya na tashi? Har haƙuri nake ba shi, ina cewa ya bi mutumin a hankali. To da wa yake magana?

Lahadi, 23 ga Maris

Auta ta kira sau shida. Ban ɗauka ba.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Ni kaɗai nake ɗaura famfon. Aikin rabin wuni ne, yau kwana na huɗu. Akwai wasu 'yan alamomi a jikin haƙoran famfon da na injin, waɗanda dole su yi daidai da juna. Na haska tocila, na sa tabarau, na cire tabarau. A ƙarshe da farce na lalubo su. Noti ɗaya ya faɗi, na yi awa guda ina rarrafe, ashe yana kusa da gwiwata.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Motar ta tashi. Murɗa makulli na uku ta yi tari, ta zubo baƙin hayaƙi, sannan ta kama. Muryarta ce sak, wannan gurnanin mai nauyi da ake ji a ƙirji. Na juya in ce wa wani ka ji, babu kowa a filin sai ni.

Can sai ga Dogo a bakin get. Daga garejinsa ya jiyo. Bai shigo ba, ya karkata kai yana saurare, ya ce famfon ya ɗan yi gaba, in ja shi baya kaɗan. Na yi kamar ban ji ba. Da ya tafi na ja shi baya. Ƙarar ta daidaita. Wannan ma ya ba ni haushi.

Talata, 15 ga Afrilu

Na tuƙa ta daga rumfa zuwa get. Taku ashirin. Madubin hagu ya daki ginshiƙi ya tarwatse. Ginshiƙin da ni na sa aka gina shi.

Ban gan shi ba. A nan kawai zan faɗa.

Na ce wa maman yara sitiyarin ne yake da wasa. Ta ce to. Ta kawo tsintsiya ta share gilashin.

Asabar, 26 ga Afrilu

Mun fitar da ita babban titi, har bayan gari muka dawo. Ba ta yi zafi ba, birki lafiya. Wani dattijo a gidan mai ya zagaya ta sau biyu yana shafa bodin.

Dogo ne ya tuƙa. Gwiwata ce ke ciwo kwanan nan, kulocinta kuma da tauri, shi ke nan. Yana saurin barin giya ta biyu, na faɗa masa, ya ce to Direba. Iyakar maganar da muka yi ke nan. Kada ya ɗauka na yafe.

Da muka dawo Auta ta kira. Na ɗauka, don kawai in ji lafiyar yaran.

Da zai tafi, Dogo ya ce Asabar mai zuwa ma zai zo. Gwiwar dai ba na jin za ta warke nan kusa.