Sukurun da Ya Ƙi Fita

Litinin, 3 ga Maris

Famfon banɗaki yana ɗiga, ɗis, ɗis, kwana tara ke nan. Uwar yara ta ce babanta zai zo mana ran Asabar. Tsohon makanike ne, shekara goma sha ɗaya ina auren 'yarsa bai taɓa kirana da wani suna ba sai "Tela". Ya taɓa cewa hannun da ya saba da allura ba ya riƙe sifana. Ban manta ba. Kafin Asabar famfon nan zai yi shiru.

Talata, 4 ga Maris

Na kashe ruwa, na ɗauko ɗan sukundireban keken ɗinki. Ashe ya yi wa sukurun hannun famfon ƙanƙanta. Na murɗa, ya zame, na sake murɗawa da zuciya. Yanzu kan sukurun ya cinye, ya koma sumul kamar maɓalli. Uwar yara ta leƙo ta ce, "Maigida, ɗinke shi kake yi?" Na yi dariya, amma raina ya sosu.

Alhamis, 6 ga Maris

Filaya ma ta ƙi kamawa. Garin neman gira zan rasa ido.

Asabar, 8 ga Maris

Baba ya zo. Na rufa wa famfon tawul, kamar tawul na toshe kunne. Ya shiga wanke hannu, sai na ji, "Tela, zo."

Na je na same shi ya yaye tawul ɗin. Ya duba sukurun, ya dube ni, ya fashe da dariya har da riƙe bango. Wai shi ma haka ya taɓa yi wa motar maigidansa, ya ɓuya bayan gareji wuni guda.

Muka tsuguna tare. Ya ce sai an sami abin da zai cika ramin. Na kawo guntuwar robar ƙugun wando da man keke. Na ɗiga man, muka jira, na shimfiɗa robar a kan sukurun. Ya miƙo mini babban sukundireban da ke motarsa. "Kai za ka murɗa. Danna sosai, a hankali. Hannunka ya fi nawa natsuwa."

Sukurun ya motsa! Wallahi kamar an yi mini albishir da haihuwa. Ashe 'yar robar cikin famfon ce kawai ta tsage, muka sa sabuwa. Da uwar yara ta kawo shayi ya ce mata, "Mijinki ne ya gyara, ni fitila na riƙe." Babu ma fitilar.

Laraba, 19 ga Maris

Famfon kicin ya fara ɗiga. Aikin minti goma ne, kuma na sayi sukundireba daidai da shi. Ta tambaye ni me nake jira, na ce ɗinki ya yi mini yawa.

Baba ya ce zai leƙo ran Asabar.