Kwalaben Babanki

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya aiki, ya mijin naki? Mu nan lafiya lau, in an cire babanki.

Ke kika tura masa bidiyon nan na haɗa lemon citta a gida ko? Kar ki musa. Ni fa cikina ne ya ɗan juya, na aike shi kanti ya sayo min jinja el, lemon cittar nan garai-garai mai zaƙi, wanda in ka sha sai ka yi gyatsa ka huta. Sai ga shi da wani wai jinja biya, duk ya gurɓace kamar ruwan wanki. Kurɓa ɗaya na yi maƙogwarona ya kama da wuta. Shi ko ya shanye har da lashe baki.

Mutumin da tun da ya bar aikin famfo ba ya tashi daga kujerar bakin taga, yau shi ke min lacca. Wai nawa inji ke ɗura masa iska, nasa kuwa citta da sukari ake bari su yi tsami su haifi iskarsu da kansu. Na ce to Allah ya raya.

Yanzu ya ƙwace min magurji, sai gurza citta yake yi. Yana kiwon wani abu a kwalba, kullum sai ya ba shi sukari, ya kara kunne yana sauraron kumfa. Ko ke bai yi miki wannan renon ba.

Ki ja masa kunne.

Mamanki

Auta,

Ya jikin naki? Ni kar ki tambaye ni.

Ya ɗura abin nasa a kwalabe ya jera a kantar ɗakin ɗinkina, wai can ya fi ɗumi. Ashe a bidiyon an ce a riƙa sassauta murfi iska na fita. Babanki ya ce shi a rayuwarsa bai taɓa barin abu yana tsiyaya ba. Ya naɗe bakinsu da farin tef ɗin nan na famfo, ya ɗaure da sifana.

Ina kan keke da rana tsaka sai ji na yi fam! Kafin in yi salati wata ta bi. Rufi, labule, ɗankwalina, da farar rigar aikin nas ɗin da ke ƙasanmu wadda na gama guga. Na kanti ko shekara ya yi a ajiye ba ya motsi, wannan kuwa rai gare shi.

Na wanke babanki tas. Na ce ko ni ko citta a gidan nan. Sai ya ɗauki tsintsiya.

Ki gaida mijinki. Ke ban gaishe ki ba.

Mamanki

Auta,

Da fatan kin tashi lafiya. Rigar nas ta fita, sai ɗan ƙamshi, ta ce ma tana so.

Babanki ne. Ya wanke magurjin ya mayar min, ya koma kujerarsa. Ba lacca, ba ya ma yi min gardama. Abinci sai ya tsakura. Na sayo masa jinja el mai sanyi, ya ce an gode, ya bar shi har iskar ta mutu. Wallahi gara ƙarar kwalba da wannan shirun.

Abin kiwon nasa ban zubar ba, yana bayan buhun shinkafa. Ina ba shi sukari a ɓoye amma kumfar ta kwanta, ya zuba min ido kawai kamar mai shi. Citta ake ƙara masa ko me? Da ɓawonta ko a fere? Ki dubo ki turo min yau, tunda ke kika haɗa wannan fitinar. In ya farfaɗo zan ajiye masa a taga, ke kuma ki kira ki ce ke kika roƙe ni.

Sifanar dai tana cikin jakata, kuma da ita zan riƙa zuwa unguwa.

Taki har kullum,
Mamanki