Ruwan Saman Tukunya

Elwood, Melbourne
Nuwamba, 1969

Zuwa ga 'yar'uwata Bluma,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Hersh da yara da duk mutanen Haifa. Yaya ciwon gwiwar nan naki? Mu nan lafiya lau, zafi ya fara shigowa, maigidana Leibel yana nan yana fama da ɗinkin kwat da tarinsa.

Albishirinki! Ɗana Mendel ya samo mata. Sunanta Dina, malamar makaranta ce, ba ta da rawar kai. An sa biki watan Maris. Ya kamata in yi ta murna ko? To zauna ki ji.

Ran Juma'a suka gayyace mu cin abincin daren Shabbat, ranar hutunmu, a gidansu a Caulfield. Uwar, Madam Tauba, gajeriya ce mai furfura, ba ta da yawan magana. Bayan addu'a ta kawo tukunyar romon kaza. Ta ɗauki ludayi da hannun hagu, ta zuba a kwano, sannan ta buga ludayin a bakin tukunya. Ƙwas, ƙwas. Bluma, cokali ya suɓuce mini.

Kin tuna Bahaguwa, mai rabon romo a ɗakinmu a sansanin mutuwa na Birkenau, lokacin yaƙin duniya? Fursuna ce irinmu, Bayahudiya, amma aka damƙa mata ludayi. Wadda take so, sai ta nutsa shi har ƙasa ta ɗebo mata ɓawon dankali. Sauran mu kuwa ruwan saman tukunya, sai ta buga ƙwas, ƙwas, wato ki matsa. Ruwan saman nan Mamata ta yi ta sha har ƙafafunta suka kumbura, har ranar da aka fitar da ita daga layi aka tafi da ita wurin kisa, kin san sauran.

Fuskar ban iya rantsewa ba. Wa ya kalli fuska a lokacin? Ludayi muke kallo. Amma matar nan riga mai dogon hannu take sawa cikin zafin nan, kamar mai ɓoye lambar da aka zana mana a hannu. Na tambaye ta inda take lokacin yaƙi, ta ce, "Inda kowa yake." Wannan amsa ce?

Leibel dariya ya yi mini. Wai, "Faiga, ke ko mai kawo madara kin ce ƙirga mu yake yi kamar masu gadin sansani. Bahagwai nawa ne a duniya?" Shi ai a Siberiya ya yi yaƙinsa, me ya sani?

Don Allah ki tuna mini sunanta, ko garinsu, ko wani tabo. In ita ce, auren nan ba zai yiwu ba. Jikokina ba za su kira ta kaka ba.

Ki gaida kowa. Taki,
Faiga

Janairu, 1970

'Yar'uwata Bluma,

Ina gaishe ki, da fatan sanyinku bai tayar da gwiwar ba. Na gode da lemun da kika ce za ki aiko, kada ki wahala, 'yan kwastan ba za su bari ya shigo ba.

Wasiƙarki ta ɓata mini rai. Wai an ce Bahaguwa ta mutu da zazzaɓi a sansanin Belsen. An ce! Ni ma ai an ce na mutu, har ɗan'uwana ya yi mini zaman makoki, ga ni ina goge kwanuka a Elwood.

Na bincika da kaina. Matan da ke zama a shagon kek na titin Acland, waɗanda ko kyanwa ta haihu sun sani, ba su san asalinta ba. Wannan ta ce 'yar garin Radom ce, waccan ta ce Lodz. Ba ta zuwa taron tunawa da mamatanmu. A majami'a can baya take zama, kusa da ƙofa. Me take gudu?

Mun sake cin abinci a gidansu. Na zuba wa hannunta ido. Kowa har ƙasa take ɗebo masa, har kana jin ludayi na kankare tukunya. Nawa kwanon kuwa ta cika shi fal da nama da karas, ya fi na kowa. Me ya sa ni? Ko ta gane ni, ko kirki ne kawai, ban san wanda ya fi ba ni tsoro ba. Ko loma ban ci ba.

Mendel ya lura. A mota ya ce, "Mama, me ya haɗa ki da uwar Dina? Kina kallonta kamar ta sace miki jaka. In akwai magana ki faɗa." Yaron da na haifa a sansanin 'yan gudun hijira, na yi rantsuwa ba zai taɓa sanin yunwa ba, ko a labari. Ta ina zan fara?

Na gayyace su gidana. Wannan karon ludayi a hannuna yake.

Taki,
Faiga

Fabrairu, 1970

Bluma tawa,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da Hersh. Ki yi haƙuri da rubutun.

Sun zo. Na dafa romo da kaza biyu. Na ɗebo wa kowa daga ƙasa. Da na zo kanta, na yafto mata ruwan saman zalla, ko karas babu. Na buga ludayin, ƙwas, ƙwas, na ajiye kwanon a gabanta ina kallonta cikin ido.

Leibel ya ce, "Haba Faiga, kazar tashi ta yi?" Ya miƙa hannu zai ɗauke kwanon. Sai Dina ta yi dariya, baiwar Allah, ba ta san komai ba. Ta ce, "Bar shi, Baba. Mama Faiga, wa ya gaya miki? Ai tun da aka haife ni ban taɓa ganin Mamata ta ci na ƙasa ba. Ruwan kawai take sha. Mun yi faɗa har mun gaji."

Tauba ba ta ɗauki cokali ba. Ta riƙe kwanon da hannu biyu, ta kai baki, yadda muke yi a can, ta shanye tas.

Da za su tafi, ta tsaya a bakin ƙofa tana ɗaura gyale, ta yi mini magana da yarenmu Yiddish, ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Mahaifiyarki doguwa ce, tana cewa na gode ko ruwa aka ba ta. Ki faɗa wa ɗanki in kina so, Madam Faiga. Amma 'yata ba ta taɓa riƙe wancan ludayin ba."

Ita ce, Bluma. Ita ce.

Ban yafe ba, kada ki rubuto ki ce in yafe. Amma Mendel na kalla ta taga yana buɗe wa yarinyar ƙofar mota, na kasa kiransa. Ba zan gaya masa ba, ke ma ki rufe bakinki.

Biki yana nan watan Maris. Ni da ita za mu riƙe amarya da ango mu raka su ƙarƙashin rumfar aure. Na gaya wa masu abinci su dafa duk abin da suka ga dama, ban da romo.

Ki yi mini addu'a. Taki har abada,
Faiga