Sai Kaza Ta Fito

Zuwa ga ƙanena Khalilu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya ɗalibanka? Direban Ɗanbatta ya kawo faifan taurarin nan na kwali mai juyawa. Allah ya yi albarka.

Ka san dalilin da ya sa na roƙe ka. Marigayi Baban Hafiza bai taɓa shuka da ruwan farko ba, sai ya ga taurarin Kaza da 'ya'yanta sun ɓullo gabas da asuba. Shekara goma sha tara ina miƙa masa buta yana duban sama, ban taɓa cewa ya nuna min ba. Irin geron da ya bari tiya biyu ne, shi ya zaɓe shi zangarniya-zangarniya. In ya ƙone a ƙasa, babu wani.

Shekaranjiya an yi ruwa. Wan marigayin, Yaya Sha'aban, ya shigo ya ce, "Hure, kowa ya shuka, ke kina juya kwali kamar 'yar firamare. Ba ni irin in zuba." Na ba shi haƙuri.

Amma faifanka ƙarya yake yi. Na daidaita kwanan wata da lokaci yadda ka rubuta, tauraron da ya nuna a dama sai in gan shi a hagu.

Yayarka,
Hure

Zuwa ga Yaya Hure,

Wa alaikumus salam, tare da fatan kuna lafiya. Ina kyautata zaton kin ɗora shi a cinya ne kamar mai tsintar shinkafa. Bisa kai ake ɗaga shi a kalle shi daga ƙasa, gefen da na rubuta Arewa yana fuskantar arewa. Kaza za ta bayyana wajen tsakiyar Yuni. Sai dai, Yaya, tauraro ba ya saukar da ruwa, Allah ne. Shawarata ki shuka rabi yanzu.

Ƙaninki mai biyayya,
Khalilu

Khalilu,

Sallama da gaisuwa. Ka canka, a cinya na ɗora. Da na ɗaga sai komai ya zauna a wurinsa. Na zauna bakin rijiya na yi kuka, don ashe abin da Baban Hafiza yake kallo ke nan duk shekarun nan.

Yanzu kullum bayan sallar asuba ina tsakar gida da kwali a ka. Maƙwabciyata tana leƙowa ta katanga: "Hure, rana ba ta fito ba kin fara neman inuwa?"

Gonar Yaya Sha'aban ta yi kore shar, tawa jar ƙasa. Ba na son bi ta wurin. Na san Allah ke ba da ruwa, amma rabin nan ba zan shuka ba. Marigayin ma bai taɓa rabawa ba.

Ka gaida iyali,
Hure

Khalilu,

Salamun alaikum. Ran Alhamis na ga Kaza da 'ya'yanta ƙasa-ƙasa bisa kukar masallaci, na ƙirga shida. Asabar aka yi ruwa, Lahadi muka shuka.

Kwana goma sha bakwai aka yi babu ɗigo kafin nan, shukar Yaya Sha'aban ta ƙone. Duk da haka ya zo da sungumi ban kira shi ba. Yana sara, ni da Hafiza muna zubawa. Sai a kunyar ƙarshe ya ce, "Haka ƙanena ya riƙa yi mana kowace shekara, mai taurin kai." Ya juya baya yana share fuska.

Na rage masa rabin tiya ya sake shuka. Ka sa mu a addu'a.

Hure