Takardar Shekara Goma

Dungas, 1956

Zuwa ga Gajere, a makarantar lakwal, Damagaram.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Mu nan sai godiya. Shekaranjiya na fita takaba. Har yanzu ina zuba tuwo a kwanon babanka kafin in tuna.

Takardar daraktanku ta iso. Na karanta da ɗan bokona, Malam Mutari akawu ya ƙarasa mini. Wai za a kai ka Bamako koyon injuna shekara uku, ci da sutura duk nasu, sannan ka yi wa gwamnati aiki shekara goma. In ka bari a hanya, wanda ya dangwala hannu zai biya dala dubu ashirin. Ni ake jira in dangwala.

Ranar jana'iza liman ya tambaya har sau uku ko akwai mai bin babanka bashi, an ce mini ba wanda ya motsa. Da wannan nake rarrashin kaina. Yaya zan ɗora maka abin da shi ya tafi ba ya ɗauke da shi? Amma faɗa mini abin da ranka ke so.

Allah ya yi maka albarka.
Mahaifiyarka, Ɗela

*

Damagaram

Zuwa ga Inna.

Gaisuwa da ladabi da biyayya. Allah ya jiƙan Baba.

Inna, kada ki dangwala. Baffa Inuwa zai sa ni a sikelinsa na gyaɗa a Magarya, dala ɗari shida a wata, daga kakar bana. Gaskiya mai gyaran inji yana ɗaukar dala dubu biyu a wata, amma sai bayan shekara uku, kuma inda suka ga dama za su tura shi. Ni injuna ma sun fita raina.

Injin ɓarar gyaɗar Baba, kada a sayar wa maƙera. Ba mutuwa ya yi ba, haƙori biyu ne suka karye a ƙaramar ƙafa. A ɗaga shi daga ƙasa, a shafa masa man gyaɗa a gaɓoɓi, a rufe da tabarma kafin ruwa ya sauka.

Ɗanki, Muttaƙa

*

Dungas

Zuwa ga Yaya Inuwa, Magarya.

Gaisuwa da girmamawa, a gaishe mini da mutanen gida. Na gode da aikin da ka yi wa yaron nan tayi, Allah ya bar zumunci.

Sai dai raina bai kwanta ba. Ya ce injuna sun fita ransa, amma rabin wasiƙarsa a kan inji take. Wannan injin ne ƙanenka, maigidana, ya tafi Kano nema wa ƙarfe cikin damina, don duk ƙasar nan ba mai gyara, ya dawo da zazzaɓin da ya kai shi. Don Allah me ke tsakaninku da ban sani ba?

Ƙanwarka, Ɗela

*

Magarya

Zuwa ga Ɗela, bayan sallama.

Kin tambaya da Allah, zan faɗa. Ni na ba marigayi dala dubu uku ya sayi injin. Da liman ya tambaya na yi shiru, don ba zan tsaya kan gawar ɗan'uwana in yi lissafi ba. A zuciyata na yafe tun ranar.

Yaron ya tsinci takardar bashin da ajami a akwatin ubansa, ya zo mini. Na ce na yafe. Ya ce, "Baffa, ka yafe wa Baba, ni ba ka yafe mini ba." Sai na yi masa maganar sikeli, kuma nan ne laifina. Idona ya yi rauni, ina son amintacce a gefena. Ban tuna masa cewa cinikin gyaɗa wata huɗu ne a shekara ba, sauran takwas zama ne a gindin bishiya.

Abin da kika yanke na bi.

Wassalam, Inuwa

*

Dungas

Gajere,

Gaisuwa. Na san komai, kuma ban yi fushi ba.

Na ɗora injin a amalanke na kai wa baffanka, nasa ne. Na shafa masa man kamar yadda ka ce. Mun shirya gaban shaidu biyu: ranar da ka dawo ka tayar masa da shi, maganar bashi ta ƙare. Ya ce kada ka daɗe, yana so ya gani da sauran idonsa.

Daga nan muka wuce ofishin kwamanda ni da shi. Na yi lissafin har na gaji, shekara goma sha uku tana da yawa ga mai shekaruna, dala dubu ashirin kuma ko gonar aka sayar ba za ta kai ba. Na dai dangwala. Kai ba mai barin abu a hanya ba ne.

Akawu ya tambayi sunan yaron. Ka san kai ne ɗan fari, ban taɓa kama sunanka ba. Na waiga, baffanka ya sunkuyar da kai. Sai na faɗa da bakina, har sau biyu, don bai ji na farkon ba.

Motar Yamai, hanyarka ta zuwa Bamako, ranar Laraba take tashi. Ka biyo ka karɓi bargon babanka.

Inna