Kazar Kawu Ta Taka, Ƙafata Ba Ta Warke Ba

Anti Suwaibatu, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle, kuma ba wanda zan iya faɗa wa a gida.

Ni ɗan tsere ne daga Ketare, shekarata ashirin, mita ɗari takwas nake gudu. Tun ina sakandare a Kankara ba a taɓa shan gabana ba. Kocinmu, Malam Tanimu, ya sa sunana cikin waɗanda za a gwada a Katsina nan da kwana tara, don zaɓen 'yan wasan jiha. Bara targaɗe ya hana ni zuwa. Bana da ƙyar ya roƙa aka sake ba ni gurbi, ya kuma ja mini kunne kar in ba shi kunya.

Sati shida da suka wuce, a wata gasa a Sabuwa, na taka rami a kwanar ƙarshe, na ji ƙwaurina na hagu ya amsa. Inna ta kai ni 'Yankara wajen yayanta, Kawu Gide, maɗorin da ake zuwa wurinsa daga ko'ina a ƙasar Faskari. Ya shafa ya ce ƙashi ya tsage. Ya ɗaure ni da karare, sannan kamar yadda ya gada, ya kama kaza ya karya mata ƙafar hagu, ita ma ya ɗaure ta, ya ba mu muka taho da ita gida. A wajensa, ranar da kazar ta taka, ranar mai karaya ya warke.

Kwana ashirin kazar ta miƙe tana tono. Kawu ya kwance ni, Inna har da sadakar masa.

Anti, ni ban warke ba. Tafiya lafiya lau, amma da na fara gudu, kafin zagaye guda wurin ya ɗauki zugi. Wuri ɗaya ne, babban yatsana zai rufe shi. Ina sayen maganin ciwon jiki a kemis in sha biyu kafin atisaye, yanzu uku ma ba sa riƙe ni. Jiya Malam Tanimu ya dubi agogonsa ya dube ni, na ce masa zazzaɓi nake yi.

Tsoro nake ji. In na faɗa, na ƙaryata Kawu, wanda ba a taɓa dawo masa da ɗori ba, kuma Inna ba za ta ji daɗi ba. In na fasa zuwa, ba na jin za a sake kirana. Wani lokaci sai in ce ai gudun ko minti biyu bai kai ba, in cije kawai. Kullum sai na ga kazar nan tana yawo a tsakar gida, raina ya ɓaci. In je ko in fasa?

Mai Gudu, Ketare

Ɗana Mai Gudu,

Ka daina gudu daga yau, ka kuma ajiye maganin nan. Ba warkar da kai yake yi ba, toshe bakin ciwon kawai yake yi. Ni ba likita ba ce, amma zugin da ke tsaye wuri guda kan ƙashi bayan tsagewa ba abin cijewa ba ne. Minti biyun da kake rainawa sun isa su mayar da tsagewa karaya.

Na san abin da kake gudun rasawa, kuma ba zan yaudare ka ba: mai yiwuwa gurbin bana ya tafi. Wannan akwai ciwo. Amma shekararka ashirin, ƙafar kuma ita ce sana'ar gaba ɗaya.

Gobe ka samu Malam Tanimu ka warware masa ƙaryar zazzaɓi. Zai yi faɗa, ka jure. Ya fi masa sauƙi ya janye sunanka yanzu da ya ga an ɗauke ka ranga-ranga a gaban masu zaɓe. Ku je asibiti a ɗauki hoton ƙafar, ka bi abin da likita ya ce, ko da ya ce wata uku.

Shi kuwa Kawu, kar ya ji a bakin mutane. Ka je ka durƙusa ka gode masa, don ya tsayar da kai kan ƙafarka. Ka nuna masa wurin da yatsa. Masu zuwa gona da kasuwa ya saba ɗorawa, mai yiwuwa kai ne ɗan tsere na farko da ya shiga hannunsa. Ka roƙe shi ya raka ka ɗaukar hoton. In ya yarda, Inna ba ta da ta cewa. In ya ƙi, ka tafi duk da haka.

Kazar kuma ka daina harararta. Ta warke ne don ta zaga tsakar gida, ba wanda zai tsaya mata da agogo a Katsina.

Allah ya ba ka lafiya, ya nuna mana ranar da za ka dawo fili da ƙafarka biyu.

Anti Suwaibatu